Argungu: Ana auna kifi a sikeli, wa ke auna inuwa?

Duk wanda ya buɗe hoton Argungu da tauraron ɗan'adam ya ɗauka a watan Maris zai ga abu biyu kwance kafaɗa da kafaɗa. A gefe guda ga fadamar Gulbin Kabi, kore shar da shinkafar rani, ta taso daga wajen Augie ta gangara har Birnin Kebbi. A ɗaya gefen ga garin kansa, launin ƙasa da ƙyallin kwano, an yayyafa masa ɗige-ɗigen duhu. Ɗige-ɗigen nan su ne dogon yaro da mangwaro da sauran itatuwan da jama'a ke fakewa a ƙarƙashinsu idan rana ta take.

Yanzu a ce an ba wani jami'in tsara birane wannan hoto, an ce ya faɗi yawan koren fili da Argungu ke da shi. Amsarsa za ta dogara ne kacokan a kan inda ya ja layin da ya kira iyakar gari. Idan ya zagayo da fadama cikin layin, Argungu za ta fito cikin garuruwan da suka fi kowa wadatar tsirrai a Arewa. Idan ya tsaya inda gine-gine suka tsaya, lissafin zai faɗo ƙasa warwas. Duka biyun daga hoto ɗaya suka fito, duka biyun ana iya buga su a rahoto da tambarin hukuma. Amma babu ɗaya daga ciki da ya amsa tambayar da ta dami tsohon da ke Gwazange ko mai jegon da ke Kokani a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: ina inuwa mafi kusa, kuma za ta kai baɗi?

Wannan ita ce matsalar da nake son mu duba. Ana ta maganar dashen itace, da yaƙi da kwararowar hamada, da kyautata birane, kuma kuɗi na shigowa da sunan waɗannan ayyuka. Sai dai alƙaluman da ake tsara aikin da su suna auna wani abu ne daban da wanda mutanen gari ke rayuwa da shi.

Mutum nawa, a fili nawa?

Masu tsara birane suna son lissafi mai sauƙi: a raba faɗin koren fili da yawan jama'a, a ga murabba'in mita nawa ya faɗo wa kowane mutum. Akwai ma adadin murabba'in mita 9 da ake yawan jingina wa Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ɗalibai ke ta maimaitawa a kundayen kammala karatu. Mun ga yadda saman lissafin ke rawa. Ƙasansa ma haka yake.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta a 2006. Ta ba Ƙaramar Hukumar Argungu mutum 195,484 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 428. Wannan adadi ya haɗa da Gulma da Lailaba da Sauwa da Alwasa da ƙauyukan da ke kewaye da su, ba na cikin gari kaɗai ba ne. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yau ya isa aure. Abin da ake yi shi ne a ɗauki tsohon adadi a riƙa ƙara masa wani kaso duk shekara, kamar kowace unguwa da gudu ɗaya take girma. Alhali tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a watan Agustan 2017, harkar gari ta sauya. Ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci sun ƙaru, fuloti ya yi daraja, sababbin unguwanni sun tsiro a bayan gari. Sababbin unguwannin nan su ne suka fi ƙarancin inuwa, domin kafin a kafa harsashi an sassabe gonar da ke wurin, kuma su ne tsohon lissafi ya fi makancewa a kansu.

Abin da tauraro ke gani da wanda ba ya gani

Mutane da yawa sun ɗauka hoton sama ba ya ƙarya. Gaskiya ne ba ya ƙarya, amma idonsa yana da iyaka, kuma wajibi ne mai amfani da shi ya san iyakar.

Hotunan da masu bincike a jami'o'inmu suka fi amfani da su, saboda kyauta ake samunsu, na taurarin Landsat ne na Amurka da Sentinel-2 na Tarayyar Turai. A hoton Landsat, ɗigo ɗaya yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, wato kusan fuloti biyu na ƙafa 50 da 100. Duk abin da ke cikin wannan fili, da ɗakuna da zaure da garken awaki da bishiyar tsakar gida, ana cuɗe shi ya zama launi ɗaya. Idan kwano da ƙasa suka rinjaya, na'ura ta rubuta "gine-gine", bishiyar ta ɓace. Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, ya fi kaifin ido, ɗigonsa mita 10 ne. Yana iya kama tsohon durumi ko jerin dogon yaron bakin titi, amma dashen shekara uku ba ya ganinsa.

Sai batun lokaci. Hoton watan Agusta ko Satumba, in an dace gajimare bai rufe ba, yana nuna ko'ina kore: ciyawar damina a kango, tafasa a bakin hanya, geron da aka shuka a fulotin da ba a gina ba, kainuwa a saman kududdufi. Kafin Disamba duk wannan ya bushe. Hoton hunturu kuwa hazo ke dusashe shi. Wanda ya kwatanta hoton Oktoban wata shekara da na Fabrairun wata shekarar, ya ce ga yawan tsirran da gari ya rasa, bambancin damina da rani ya auna.

Gawo ma yana da nasa labarin. Kowane manomi ya san shi da saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi fure ya tofo da rani. Shi ya sa ake barinsa a gona, ba ya tsare wa gero rana, ga taki, ga abincin dabba lokacin da babu ciyawa. To na'urar da aka koya wa neman kore a hoton damina za ta wuce gawo ba ta ƙirga shi ba. Wadda ke duba hoton rani a Argungu kuma za ta haɗa gawo da shinkafar fadama da lambun albasa ta zuba su a ƙwarya ɗaya.

Ko taswirorin duniya da ake saukewa a intanet suna da irin wannan tarko. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar da taswirar yadda ƙasa ke lulluɓe ta 2020 da ta 2021, ta kuma yi gargaɗi da kanta cewa hanyar lissafin biyun ta bambanta, don haka bambancin da ke tsakaninsu ba duka ne canjin gaske a ƙasa ba. Gargaɗin yana cikin takardar bayani, wadda mai gaggawar haɗa rahoto ba safai yake karantawa ba.

Zafin kansa ma haka. Landsat yana ratsa samanmu ne da hantsi, wajen ƙarfe goma, kuma abin da yake aunawa zafin fuskar ƙasa da rufin kwano ne, ba iskar da mutum ke shaƙa ba. Azabar bazara kuwa tsakanin azahar da la'asar take, sai kuma dare, lokacin da bangon siminti ke amayar da zafin da ya sha. Tashoshin auna yanayi masu dogon tarihi a wannan yanki suna Sakkwato da Yelwa. Ba za su gaya maka bambancin da ke tsakanin layin da ke da itatuwa da wanda babu ba, a cikin gari ɗaya. Wannan bambanci kuwa batun rai ne. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi. Yankinmu ɗaya da su.

Darasin Maraɗi

Babban misalin yadda alƙaluma ke makancewa yana nan kusa da mu, a ƙasar Hausa ta hayin iyaka. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, labarin da duniya ta riƙe game da Nijar shi ne itatuwa na ƙarewa, hamada na tafe. A daidai lokacin, manoman Maraɗi da Damagaram suna wani aiki a gonakinsu. Maimakon su sassabe duk tohon da ya fito daga kututturen da ke ƙasa, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse sauran, su kare shi har ya zama itace. Suna kiransa sassabin zamani. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a Maraɗi tun daga 1983, amma aikin na manoma ne.

Kusan shekara ashirin ana wannan ba tare da ya fito a manyan rahotanni ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij da masanin Nijar Mahamane Larwanou suka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbi, suka kuma taka ƙasa suka shiga gonaki, sannan aka gane girman abin: kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200.

Me ya ɓoye itace miliyan 200? Ma'anar kalmar daji a littafin hukuma na daga cikin dalilan. A ƙa'idar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin a kira wuri daji sai ya wuce rabin hekta, itatuwansa su haura mita 5, rassansu su rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa, kuma kada ya zama gona ko cikin gari. Da wannan ma'auni, kukar da ke gona da tsamiyar da ke kasuwa da ceɗiyar ƙofar fada duk suna waje. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa suka yi amfani da hotuna masu kaifin rabin mita, suka koya wa kwamfuta gane itace ɗaya-ɗaya bayan an zana mata kusan 90,000 da hannu. Suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, wuraren da wasu taswirori ke nunawa kusan fayau.

Kuskuren Maraɗi ya zo da daɗi, domin an tarar da fiye da abin da aka zata. A cikin gari kuskuren yana juyawa ta ɗaya fuskar. Itacen da ba a taɓa rubutawa ba, ranar da aka sare shi babu rahoton da zai nuna an yi asara.

Fili a takarda, shago a ƙasa

Idan aka bar sama aka sauko ofis, wata matsalar ce ke jira. Duk sabon awon filaye da gwamnati ke yi, akan ware wurin makaranta da masallaci da kasuwa da filin shan iska. A takarda filin yana nan har abada. A ƙasa kuwa, kowa a Arewa ya san yadda abin ke tafiya: yau an kafa rumfa ta wucin gadi, gobe an zuba bulo, jibi an yanka shi fuloti-fuloti, taswirar da ke cikin durowa ba ta san an yi ba. Mai tsara gari da ya dogara da ita zai ci gaba da lissafa filin da babu shi.

Yamai ta ga wannan da idonta. Tun 1965 aka fara dasa mata ɗamarar itatuwa, galibi dogon yaro, wadda ta kai kimanin hekta 2,500, don tare ƙura da iska. Sannu a hankali aka riƙa yanka ta ana rabawa, gidaje da shaguna suka shige ciki, alhali sunanta na nan a takardun hukuma. A Kano, rikicin shagunan da aka gina a Filin Idi, waɗanda sabuwar gwamnati ta rushe a watan Yunin 2023, ya nuna irin tsadar da ake biya idan an bar iyakar filin jama'a ta zama abin jayayya. Argungu da Birnin Kebbi ba su kai waɗannan birane cunkoso ba, kuma wannan ita ce damarsu. Tun Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agustan 1991 take faɗaɗa, kuma hanyar da Yamai da Kano suka bi a buɗe take ga duk garin da ƙasarsa ta fara tsada.

Wani ɓangare na matsalar shi ne hannuwa sun yi yawa a kan abu ɗaya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, ta wajen birni kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininta. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da lambunan shaƙatawa da filayen jama'a da maƙabartu. Itatuwa na ƙarƙashin ma'aikatan gandun daji. Itacen bakin babban titi ya shafi ma'aikatar ayyuka, na harabar makaranta ya shafi hukumar ilimi, wanda ya taɓa wayar lantarki kuma kamfanin wuta ne zai datse shi. Hurumin gari da burtali da mashaya, waɗanda su ne asalin filayen jama'a a ƙasar Hausa, galibi iyakarsu tana cikin kan dagaci da mai unguwa da dattawa ne. Kowane ɓangare na da guntun bayaninsa, a tsarin da ya saba, da shekarar da ya tsaya. Jihohi sun fara mayar da rajistar ƙasa cikin kwamfuta, Abuja da Kaduna na cikin na gaba-gaba, kuma ci gaba ne. Sai dai irin wannan rajista ta fi mayar da hankali ga fulotin da zai kawo kuɗin shiga. Filin da ba na kowa ba, wanda shi ne na kowa, ba shi da mai zuwa ya bi masa layi ya karɓo masa takarda.

Akwai kuma wuraren da ba a ma sa su cikin lissafin kore, alhali su ne huhun gari. Maƙabarta na cikin wuraren da tsofaffin itatuwa suka fi tsira a garuruwanmu, saboda kunyar sara a wurin. Haka filin idi, da harabar tsofaffin makarantu, da lambunan mangwaro na bakin fadama. Sai kududdufi, wanda a takarda akan ɗauke shi ramin banza da ke jiran a cike shi. Aikinsa kuwa shi ne riƙe ruwan sama kafin ya shiga gidaje. Garin da ke bakin gulbi ba ya wasa da wannan. Mutanen kwarin Rima ba su manta ambaliyar Satumban 2010 ba, lokacin da ruwa ya ɓalle daga wajen madatsar Goronyo, ko ta 2020 da hukumomin Kebbi suka ce ta cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa. Asarar gona ana ƙiyasta ta a faɗa a rediyo. Ramukan da aka cike a cikin gari tsakanin wannan ambaliya da waccan, waɗanda ruwansu yanzu ke neman wata hanya, su ne ya kamata a ce ana bin sawunsu tun kafin damina.

Abin da ya fi damuna a wannan lissafi shi ne mata. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a muradun ci gaba mai ɗorewa yana duba filin da jama'a ke iya shiga a fili. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kowa ya samu koren fili mai aƙalla rabin hekta cikin tazarar mita 300 daga gidansa. Shawara ce mai kyau ga garin da aka saba fita lambu shan iska. A Argungu matar aure da ƙananan yara da tsohuwar da ƙafa ta gaza, wuninsu a tsakar gida yake. A nan ake girki, a nan ake gumin shinkafa, a nan ake shanya, a nan ake jinya. Bishiya ɗaya a tsakar gida ta fi musu amfani a kan lambun gwamnati mai hekta goma a bakin gari. Ita ce kuma ta farko da ke tafiya idan an raba gado aka datsa gida, ko za a ƙara ɗaki don auren ɗa. Ma'aunin da bai leƙa tsakar gida ba ya bar rabin gari a waje.

Dashe nawa, rayayye nawa?

Kowace damina ana bikin dashen itace, a kuma sanar da adadi: dubu kaza, miliyan kaza. Adadin na abin da ya fita daga gandun reno ne, ko wanda aka raba wa jama'a. Tsakanin wannan rana da watan Mayu mai zuwa akwai akuya, akwai gara, akwai wata bakwai zuwa takwas babu ruwan sama. Adadin da ke da ma'ana shi ne wanda ya ga damina ta biyu da ta uku.

Masarautar Argungu na da ruwa da tsaki a wannan batu. A Bachaka, cikin Ƙaramar Hukumar Arewa, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da ɓangaren Najeriya na shirin Koriyar Ganuwar Afirka a watan Nuwamban 2014. Shirin na Tarayyar Afirka ne tun 2007, Kebbi na cikin jihohi 11 da ya shafa, kuma an tsara shingen itatuwa daga Kebbi har Borno. Burin nahiyar shi ne farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka cimma a ainihin yankin shirin, ya kuma ambaci raunin bibiya da tattara bayanai cikin manyan cikas. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗi irin wannan bashi ne a kan 'ya'yanmu, kuma hakkinsu ne a nuna musu itacen da aka saya da shi yana tsaye.

Ko a cikin rayayyun, ƙirga kai kawai bai wadatar ba. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha ta, kuma magana ce ta zahiri: giginya ɗaya da durumi ɗaya duk "itace ɗaya" ne a takarda, amma mutum nawa kowanne zai ɗauka da azahar? Sannan idan rajista ta nuna yawancin inuwar gari dogon yaro ne, wanda baƙo ne daga Indiya da ya shigo Arewa a zamanin Turawa, to an san gari ya ɗora duk kayansa a kan iri ɗaya. A farkon shekarun 1990 an ga wata cuta ta bushewar dogon yaro a Nijar da arewacin Najeriya. Wanda ya san wannan zai sa a cakuɗa da maɗaci da tsamiya da kanya da marke a dashe na gaba.

Argungu kuwa ta fi kowane gari sanin darajar awo na gaskiya. Bikin kamun kifi, wanda ya samo sifarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ba a cin sa da baki. Masunci ya fito da kifinsa daga ruwan Matan Fada, a ɗora a sikeli a gaban dubban mutane, a faɗi nauyi kowa ya ji. A 2020 kifin wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi. Kafin ranar kuma, Sarkin Ruwa ya tsare wannan ruwa an hana su a cikinsa, kowa ya san iyakarsa, kowa ya san mai kula da shi. Iyaka sananniya, mai alhaki sananne, awo a bainar jama'a: abin da inuwar gari ke buƙata ke nan, kuma ba daga waje za a koyo shi ba.

Yadda za a ƙirga

Aikin bai fi ƙarfin gari ba. New York ta ƙirga itatuwan bakin titunanta a 1995 da 2005 da 2015, a na 2015 da taimakon 'yan sa-kai fiye da 2,000, ta samu sama da 666,000. Kusa da mu, magajiyar garin Freetown, Yvonne Aki-Sawyerr, ta fara shirin dasa itace miliyan ɗaya a 2020, inda kowane dashe ake ɗaukar hotonsa da waya tare da alamar wurinsa, a riƙa komawa ana dubawa, kuma ana biyan masu reno ne gwargwadon kulawar da suka nuna shaidarta.

Argungu tana da abin da waɗannan birane ba su da shi. Yaƙin da aka yi da shan inna, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Najeriya da Afirka sun rabu da ƙwayar cutar ta asali, an ci shi ne da taswirar unguwa-unguwa, da mata masu shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga, da masu unguwanni da suka san kowane zaure. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, don haka fadarsa ta san wannan aiki ciki da bai. Tsarin da ya iya gano yaron da ba a ɗiga wa magani ba a lungu, zai iya gano bishiyar da ke tsakar gida. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a cikin gari, ga na Jami'ar Tarayya da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga na jami'ar jiha a Aliero, waɗanda duk shekara suke neman abin da za su yi bincike a kai.

Abin da za a rubuta kaɗan ne: irin itacen, kaurin gindinsa, faɗin inuwarsa da taku, lafiyarsa, inda yake, da wanda ke kula da shi. Filayen jama'a kuma, hurumi da maƙabarta da filin idi da kududdufi da burtali, a zagaye iyakarsu da ƙafa, safiyo na gaba, mai unguwa da dattawa da maƙwabta na biye, a kafa alama, a sa hannu. Hoton sama ya zama mataimaki, a gwada shi da abin da aka gani a ƙasa kafin a yarda da shi. A kan kowane adadi a rubuta ranar da aka ɗauke shi da hanyar da aka bi, domin wanda zai maimaita bayan shekara biyar ya bi sawu ɗaya.

Akwai abu biyu da za su iya kashe aikin tun a zaure. Na farko tsoro. Talaka ya daɗe da sanin cewa idan hukuma ta fara rubuta abin da ya mallaka, haraji ko tara na tafe, kuma tsohuwar dangantakar manomi da malamin daji ba ta bar daɗi a baki ba. A Nijar sassabin zamani bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Dole a faɗa tun farko, da bakin sarki, cewa bishiyar gida ta mai gida ce. Na biyu sirrin gida. Jirgi marar matuƙi da ke shawagi a saman tsakar gida yana ɗaukar hoto ba zai samu karɓuwa ba, kuma da gaskiyar mutane. Mata su shiga da sallama, su nemi izini, su rubuta itace kawai.

Lokacin ƙirga shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwan farko. A sannan ciyawa ta bushe, dashen da zai mutu ya riga ya mutu, abin da ya rage da ganye shi ne ainihin inuwar da gari ya mallaka. Sakamakon kowace unguwa a karanta shi da Hausa a ƙofar mai unguwa, a liƙa kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ajiye wani a fada, wani a ofishin filaye na jiha, ta yadda duk mai neman izinin gini ko faɗaɗa titi sai an buɗe shafin wurin an ga abin da ke tsaye a kai kafin a sa masa hannu.